Damin Raken da Na Mayar

Ɗakin Kaka Laure shi ne mafi ƙanƙanta a gidanmu, amma da sanyi ya kama, babu ɗakin da ya kai shi jama'a. Ɗan zagayayyen ɗaki ne mai jinka, can ƙuryar gida kusa da rumbuna, ƙofarsa sai ka rusuna kafin ka shiga. Da an sallame lisha za ta haɗa wuta a tsakiyar ɗakin da kara da 'yan guntayen itacen gawo da ta yini tana tsintowa, ta cusa rogo cikin toka, ta jawo ƙwaryar gyaɗarta ta hau ɓara. Ba ta taɓa aika kiran kowa ba. Mu da kanmu muke zuwa, muna ture-ture a ƙofa, kowa na neman gefen da hayaƙi ba ya bi.

Ƙauyenmu yana gefen Bande, a bakin wata fadama mai rake da dabino. Muna da lambu a fadamar tun daga kakan babana, kuma ba ƙaramin lambu ba ne. Ya faro daga jigawar da ake sa rogo, ya gangara har inda ruwa ke kwanciya, wurin da ko da rani in ka tona da hannu za ka taɓa danshi. A wurinmu, mai irin wannan wuri ba ya kwana da fargabar shekarar da gero ya ƙi.

Cikin yaran da ke cika ɗakin Kaka akwai Ila. Ba ɗan gidanmu ba ne, ɗan maƙwabta ne, darni ɗaya ya raba mu, shi ma darnin mun huda shi don kada mu riƙa zagayawa. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, a tabarma ɗaya muka yi jinya. Babansa, Malam Habu, daga wajen Dogo-Dogo ya taso wata shekarar yunwa, ba shi da ko taki ɗaya a fadama, sai babana ya ara masa gefen lambunmu yana sa rake. Ni jikanta, Kaka "maigida" take ce mini. Ila kuwa "bazawari" ta raɗa masa. In muka shigo tare sai ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Maigida ya zo hannu rabbana, bazawari ma haka. Ni dai ban yi sa'ar maza ba." Sannan ta tono rogo ɗaya ta raba mana biyu.

Aron lambu a wurinmu yana da ƙa'ida biyu, kowa da su ya tashi. Wanda aka ara wa wuri ba ya dasa itace, don itace ya fi mutum daɗewa, kuma wanda ya dasa shi ake kira mai shi. Sannan duk shekara, in ya sare amfaninsa, zai kai wa mai wuri ɗan abu, dami ɗaya na rake ko ƙwaryar albasa. Ba haya ba ce, don abin bai taka kara ya karya ba. Tuni ne kawai, don shi da 'ya'yansa da mutanen gari su riƙa sanin wurin na wane ne.

Wata shekara babana ya tafi kasuwar Dungas, sai ga Malam Habu ya zo da nasa damin. Ila ne ya ɗauko shi a ka, yana bin bayan babansa, wuyansa na rawa. Kaka ta fito ta karɓa, ita da ba ta da haƙori ko ɗaya da zai iya da rake. Ba ta ma bari an shigar da shi ciki ba. Ta ce a jingine shi a ƙofar zaure, ya yini nan har la'asar, duk mai wucewa na gani. Na kalli Ila, ya ƙi kallona. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina, kuma na ji haushin tsohuwar nan sosai.

Da dare ban iya haƙuri ba. Ila na zaune kusa da ni na ce, "Kaka, ke da ba ki da haƙori, me za ki yi da raken su Ila? Ga namu can cike da lambu."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Yau maigida faɗa yake yi mini a gaban bazawari. To, ku gyara zama. Ga wata baƙuwa can a ƙofa tana jin ɗari, a buɗe mata?"

Haka take fara tatsuniyarta kullum. Mu kuma muka haɗa baki, "A buɗe mata, ta shigo ta ji ɗumi!"

Wai a bakin wata fadama akwai wata giginya, doguwa, ita kaɗai. Tana da ruwa a ƙarƙashinta, tana da 'ya'ya manya-manya, ba ta rasa komai ba sai abokin hira. Wata rana wani tsuntsu ya sauka a kanta ya huta, da zai tashi ya bar ƙwayar cediya a hammatarta. Ƙwayar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta yi sallama da 'yar muryarta ta ce, "Uwar daji, ba ni da ƙasa, ba ni da kowa. Bar ni in yi damina ɗaya a nan." Giginya ta yi murna ta samu wanda za ta riƙa magana da shi, ta ce ta zauna.

Damina ta wuce, cediya ta yi ganye, har ta yi 'ya'ya uku ƙanana. Ta tsinki ɗaya ta miƙa wa giginya ta ce ga tukuicin masauki. Giginya ta yi dariya har ganyenta na kaɗawa. Ta ce, "Ni mai 'ya'ya kamar kan jariri, me zan yi da wannan? Riƙe abinki." Akwai wani tsohon kunkuru da ke kwana a gindin giginyar. Ya ɗago kai ya ce, "Karɓi, doguwa. Ko ba za ki ci ba, karɓi." A nan Kaka takan shaƙe murya ta yi maganar kunkuru a hankali, kamar mai ciwon wuya, mu kuwa mu yi ta dariya. Giginya ta ce da shi ya cika ƙanƙanta shi ya sa yake ganin ƙananan abubuwa.

Da rani ya yi, cediya ta fara waƙa. Kaka takan ajiye ƙwarya ta rera ta tana kaɗa kai:

"Giginya, giginya, doguwar daji,
Ara mini gefe in sauke ƙafa,
Ƙafa ɗaya ce, ba ta cin wuri."

Giginya ta ce ta sauke. Cediya ta zuro saiwa siririya kamar zare, ta bi jikin giginya har ƙasa, ta sha ruwa. Shekara ta zagayo, ta sake waƙar, ta sauke ta biyu. Mu ma sai mu karɓi waƙar muna tafi, Kaka na ƙara ƙafafu, mu muna ƙara murya. Sai da muka lura ta daina murmushi sannan muka yi shiru. Saiwoyin sun yi kauri, sun haɗe da juna, sun zagaye giginya kamar an ɗaura mata zane. Cediya ta yi rassa, ta yi inuwar da giginya ba ta taɓa yi ba. Fatake suka riƙa cewa, "Mu ƙarasa gindin cediya mu huta."

Ran nan giginya ta ji numfashinta na ƙaranci, ta ce baƙuwa ta ɗan sassauta. Cediya ta ce, "Wace baƙuwa?" Aka tara namun daji a yi shari'a. Awaki suka ce su ganyen cediya suka sani a nan. Tsuntsaye suka ce su 'ya'yan cediya suke ci a nan. Tsuntsun da ya kawo ƙwayar ya daɗe da mutuwa. Aka juya ga kunkuru, ya ce shi abu ɗaya zai tambaya: "Doguwa, ta taɓa ba ki wani abu na baƙunta kika karɓa?" Giginya ta tuna tukuicin nan da ta ƙi karɓa.

"Har yau," in ji Kaka, "in aka sare tsohuwar cediya irin wannan, sai a tarar da rami a tsakiyarta, dogo, daidai jikin giginya. Baƙuwa ta ji ɗumi ta yi sallama. Kowa ya ja mayafinsa."

Ni kuka ya kusa ƙwace mini saboda giginya. Ila kuwa bai motsa ba, yana kallon wuta. Sai ya ce, "Kaka, to da giginya ta kore ta, ina cediya za ta je? Ita ma ai wuri take nema."

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Bazawari, tambayarka ta fi ƙarfin daren yau. Je ka kwanta." Ta ƙara masa gyaɗa a hannu, muka fita.

Ina kwaleji Kaka ta rasu. Na gama karatu na zama mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ana ce mini Mushe, aka yi ta yawo da ni gari-gari kafin in dawo Magaria in zauna. Da babana ya rasu, ni da ƙanwata Hajara muka gaji lambun. Tana gidan mijinta a wani gari, ta ce in riƙe mana duka. Ni kuwa alli ne a hannuna, ba fartanya ba, kuma hankalina duk yana kan ɗan filin da na saya a Magaria ina son in tada gini. Wa zan ba lambu in ba Ila ba? A lokacin Malam Habu ya rasu, Ila na da mata da yara, yana ta fama da ɗan gefen da aka ara wa babansa. Na kira shi na ce ya riƙe lambun gaba ɗaya, daga jigawa har bakin ruwa, sai ranar da muka buƙata. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ni ma nawa ya kawo.

Shekarar farko ya biyo amalanken wani har Magaria da dami ɗaya na rake. Ina ganin damin na tuna wuyansa na rawa a ƙofar zaurenmu. Na ce ya mayar wa yaransa, kada ya ƙara. Ya ce, "Lawali, al'ada ce." Na ce al'ada ta tsaya a waje, nan gidan ɗan'uwansa ne.

Shekara ta biyu na je gida hutu, ya zo daidai da sunan ɗan wani maƙwabcinmu. Maza cike da ƙofar gida, an raba goro, liman bai tashi ba tukuna, sai ga Ila ya ratso taron, babban ɗansa na biye da shi da dami a ka. Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da ƙauna ke kawowa. Na tashi na sauke damin daga kan yaron da hannuna, na ce da ƙarfi kowa na ji, "Ila, in ka ƙara ɗora wa yaron nan kaya saboda ni, ba ni ba kai. Wane irin aro tsakanina da kai?" Mutane suka yi ta cewa madalla, zumunci ke nan. Aka sassare raken aka raba wa yara a wurin. Ranar na kwana ina jin na biya wa Ila wani abu da aka daɗe da tauye masa. Bai sake kawowa ba.

Bayan nan ya same ni ya ce yana son ya sa mangwaro biyu kusa da ruwa, don yara su sami inuwa in suna tsaron tsuntsu. Na ce ya sa mana. Daga mangwaro sai lemu, daga lemu sai gwaiba. Ya haƙa rijiyar siminti, ya sayi injin ban ruwa, darnin ƙaya ya koma waya. Ba zan yi masa ƙarya ba, Ila ma'aikaci ne, lambun bai taɓa yin kyan da ya yi a hannunsa ba. In na je hutu sai ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya tsinko mangwaro ya wanke ya miƙo mini, ina sha ina sa albarka. Ban taɓa tsayawa na lura cewa baƙo ake yi wa haka ba.

Matata Zuwaira ce ta fara jin ƙaiƙayin abin. Ta dawo daga kasuwa wata rana ta ce, "Mushe, masu mangwaro fa 'na lambun Ila' suke talla." Na ce bakin mutane ne, ba a ɗaure shi. Ta ce, "To, Allah ya sa bakin ne kawai." Na ce mata ita ba ta san Ila ba, ba ta san abin da ke tsakaninmu ba. Har da ɗaga mata murya.

Shekaru suka tafi a haka, sai mijin Hajara ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da ta gama takaba ta dawo ƙauye, ta shiga tsohon ɗakin mahaifiyarmu. Ba ta roƙe ni komai ba, cewa ta yi tana son gefenta na lambu, wajen danshi, ta sa albasa da kabeji ta riƙe 'ya'yanta da hannunta. Na hau kabu-kabu na tafi da kaina in gaya wa Ila. Ban ma ɗauki abin wata magana ba, har tsarabar shayi na kai masa.

Na same shi yana gyaran inji. Na yi masa bayani, na nuna wurin da hannu, na ce itatuwansa ba wanda zai taɓa, ƙasan can kawai za a yanka wa Hajara. Ya goge hannunsa a riga, bai dube ni ba.

"A wane lambu, Mushe?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Tun muna tsirara Lawali yake ce mini, bai taɓa kirana Mushe ba.

"Wannan da muke tsaye ciki mana."

"Wannan ai ka ba ni," ya ce. "Gaban jama'a ka ba ni. In kana son in taimaki Hajara, wannan wata magana ce, sai a roƙe ni."

Ba zan iya faɗin abin da na ce masa ba, don wasu kalmomin ba su dace da mai koyar da yara ba. Shi ko bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Maganar ta je gaban mai gari. Dattijo ne da ya san babana, ya san Malam Habu, kuma na ga abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce, "Lawali, wa ya dasa itatuwan nan?" Na ce Ila ne, ranka ya daɗe, amma da izinina. Ya ce, "Rijiyar fa?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, tun da ka ba shi, ya taɓa kawo maka dami ka karɓa?" A zaune nake gaban dattawan garinmu, da furfura a gemuna, amma muryar da nake ji ta Kaka ce, a shaƙe, tana maganar kunkuru.

Ila ya kawo shaidu, mutanen da ke wurin sunan nan. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya ce ya ga na sauke damin da hannuna, ya ji na ce babu aro tsakanina da shi. Waɗanda suka san yadda aka yi tun farko, babana da Kaka da tsohon liman, duk suna ƙasa. Ila ya ce a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Dattawa suka hana, suka ce ba za a kai ga haka tsakanin waɗanda suka tashi tare ba, a yi sulhu. Sulhun shi ne, itatuwa da ƙasar da ke ƙarƙashinsu da rijiya na Ila ne, jigawa tamu ce. Itatuwan kuwa sun rufe duk inda danshi yake. Aka ba mu yashi, aka shafa fatiha.

Da aka watse na tare shi a hanyar fadama. Na ce, "Ila, a ɗakin Kaka ɗaya muka zauna. Rogo ɗaya take raba mana."

Ya ce, "Na zauna. Kai giginya ka ji wa tausayi. Ni na tambayi inda cediya za ta, aka ce in je in kwanta."

Na ce, "Ni ai ban kore ka ba."

Ya ce, "Yau ba ka kore ni ba. Gobe ɗanka zai kori ɗana. Ni na ɗauki damin nan a kaina, Lawali, kai kallo ka yi." Ya raɓa ni ya wuce.

Tun daga ranar akwai tambayar da ta hana ni sakat. Da ya ratso taron suna da yaro da dami, al'ada ya zo cikawa, ko ya san zan mayar, ya zaɓi ranar da shaidu suka fi yawa? Wani lokaci in ce a'a, Ilan da na sani ba zai ƙulla haka ba, daga baya ne zuciya ta raya masa. Wani lokaci kuma in tuna ya san ni fiye da yadda na san kaina, ya san abin da ganin yaro da dami a ka zai yi mini. In haka ne, da tausayin da nake masa ya kama ni. Wannan shi ne abin da ba na iya haɗiyewa. Na yafe wa mutane abubuwa da yawa a rayuwata, wannan har yau ina fama.

A Magaria muna da fada, wato majalisar hira, a ƙofar wani abokinmu ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, mu masu gidaje da 'yan lambuna, muna shan shayi da yamma. Hirar ba ta wuce da-na-sani. Wani ya dasa dogon yaro jikin katanga, saiwa ta tsaga masa ɗaki. Wani ya cire rufin ƙasa ya sa kwano don a ce ya ci gaba, yanzu da bazara a waje yake kwana shi da iyalinsa. Wani ya sare gawon gonarsa don ya ƙara kunya biyu, gonar ta mutu. Ana faɗa ana dariya, don duk abubuwa ne da ake gyarawa. In aka zo kaina sai in ce da za a mayar da ni baya, da na karɓi dami ɗaya na rake. Sababbin zuwa sukan yi dariya, waɗanda suka san labarin kuwa su miƙo mini kofi. Da-na-sani ƙeya ce, kowa ya san inda take.

Da ina yaro na ɗauka Kaka rowa ta yi, kuma ta kawo tatsuniya don ta rufe rowarta. Da na girma na ɗauka tatsuniyar cewa take kada a sauki baƙo, na ce wannan tunanin mutanen da ne, ni na fi haka. Sai yanzu na ga ba ta taɓa cewa giginya ta yi laifi da ta ba da masauki ba. Kaka da kanta ta bar Malam Habu a lambunmu har ya mutu, ba ta taɓa ɗaga masa gira ba, kuma shi ma ya mutu yana gaishe ta da girma. Damin da take jinginewa a ƙofar zaure shi ya tsare su su biyun, ita bai bar ta ta yi zargi ba, shi bai bar shi ya yi kwaɗayi ba. Ni na cire shi don in nuna ƙauna. Masu cewa laifina ne, na ji, na karɓi nawa. Amma ƙin karɓar rake ba zunubi ba ne. Cin amana zunubi ne, kuma ba ni na ci ba.

Hajara ta gwada jigawar shekara guda. Rogo ya yi, albasa ta ƙi, don ruwan sai an ɗauko shi daga nesa. Na ce ta dawo Magaria wurina, ta ce ba za ta zauna tana jiran albashin wani ba. Bana da sanyi na je duba ta, yara suka ce tana fadama. Na nufi jigawa ban gan ta ba. Sai na hango ta can ƙasa, cikin waya, bayan itatuwan mangwaro, tana ban ruwa a wasu 'yan fangaloli na albasa. Ila ya ara mata.

Na shiga ban yi sallama ba. Na ce, "Hajara, a ƙasar kakanmu kike aro? Wurin wannan mutumin?"

Ta ajiye guga ta gyara ɗankwalinta. Ta ce, "Yaya, fushi naka ne, yunwa ta yarana ce. Da ka yi kyautarka ba ka tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ka ba."

Ba ta faɗa da zafi ba, da ma da zafi ta faɗa. Na tsaya ina kallon albasar, ta yi kyau, kore shar. Na ce to me ya ce mata, wane sharaɗi ya sa.

Ta ce, "Bai ce komai ba. Cewa kawai ya yi kada in dasa itace."

Rana ta yi ƙasa, kuma saura fangali uku ba ta shayar ba. Na tuɓe takalmana, na karɓi gugan daga hannunta, na shiga ja mata ruwa a rijiyar Ila.